Poka a waya: Lissafin da ke ɗaure ɗan caca tun kafin a buɗe kati

Tun bayan da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau cikin Oktoban 1999, caca ta zama laifi a Zamfara. Hisbah na iya dirar wa masu karta a kango ko bayan tasha, a Gusau ne, Tsafe ko Bungudu. Amma teburin da ke cikin wayar hannu ba shi da ƙofar ƙwanƙwasawa, kuma ta nan poka, cacar katin Amurkawa, ke iya riskar matashin da wot kaɗai ya sani.

A nau'in Texas Hold'em, ana raba wa kowa kati biyu a rufe, a zuba kuɗi, sannan a buɗe uku a tsakiya. Haɗarin yana inda aka yi ta ƙari kan ƙari kafin buɗewar.

A ɗauka mutum biyu ne, kowa da naira 10,000. Na farko ya zuba 300, na biyu ya ɗaga zuwa 1,000, na farkon ya mayar 2,200, ɗayan ya biya. Ba a ga kati ko ɗaya ba, amma 4,400 na ƙasa, kowa saura 7,800 gare shi.

Ga inda gizo ke saƙa. Mai riƙe da kati biyu mabambanta, ko da A da K ne, kusan sau biyu cikin uku ba zai samu abokin katinsa cikin ukun nan ba. Duk da haka ƙwararren da ya yi ƙarin ƙarshe yakan zuba kaɗan, kamar rubu'in abin da ke ƙasa, wato 1,100. Ya san ana zaton manyan katuna na hannunsa, kuma ko sau ɗaya cikin biyar abokin wasan ya janye, kuɗinsa sun fita. Idan kuwa aka biya, kuɗin ƙasa sun zama 6,600, aljihu 6,700: zubi na gaba na iya kwashe komai.

Sabon shiga ba wannan lissafi yake yi ba. Hankalinsa na kan 2,200 da ya riga ya zuba, yana ganin har yanzu nasa ne, sai ya bi su da sauran.

Kuma bai san da wa yake karawa ba. A 2017, a birnin Pittsburgh na Amurka, manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararrun 'yan poka huɗu cikin kwana 20. Masu shafin cacar su ma ba ruwansu da wanda ya ci, domin daga kuɗin da aka tara suke zare kasonsu.