Tacewa da kwantarwa: bambancin kalmomi biyu a aikin giya da ruwan sha

1. Gabatarwa

Kalmar Faransanci clarifier kan ba masu fassara wuya, domin akasari da "tace" ake maida ta. A cikin wannan ɗan rubutu za mu nuna cewa ayyuka biyu ne daban, kuma Hausa tana da kalmar kowane. Za mu ɗauki misali daga masana'antar giya, inda aikin ya fi fitowa sarai, sannan mu koma Tarka, a ƙasar Damargu.

2. Abin da ake yi cikin tanki

In giya ta gama nuna, takan kasance gurɓace saboda ƙwayoyin yis (levure) da ke yawo cikinta. Ƙwayoyin suna ɗauke da lantarki iri ɗaya (négatif), shi ya sa suke ture juna, ba su saurin sauka. Sai a zuba wani danƙo da ake samu daga jakar iska ta cikin kifi (colle de poisson). Lantarkinsa kishiyar nasu ne, don haka yakan jawo su su dunƙule, su yi nauyi, su sauka gindin tanki. Wannan shi ne collage.

Tankin a rufe yake, da matsin iskar gaz (CO2) a ciki. In aka buɗe shi, kumfa ya taso, iskar waje kuma ta ɓata giyar. Saboda haka ta ƴar kafa ake tura danƙon, da matsin da ya fi na cikin tankin. Abin lura a nan: ba rariya, ba ƙyalle. Dauɗar ce ke sauka da kanta.

3. Misalin Tarka

A garuruwan Tarka, kewayen Belbeji, da damina mutane kan ɗebo ruwan tabki, jajawur da laka. Wasu kan kaɗa alam (alun) a cikin tulu su bar shi. Ƙwayar zogale da aka daka ma tana wannan aiki, kamar yadda Samia Jahn ta bayyana a 1981 game da matan karkarar Sudan. Hikimar ɗaya ce da ta tanki. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Ta tace ruwa da ƙyalle.
(2) Laka ta kwanta.
(3) Alam ya kwantar da laka.

A tsarin Parsons na 1960, "tace" aikatau ne na aji 4, "kwantar" kuwa na aji 5, mai nuna sa wani abu ya auku. A (1) ruwa ne ke ratsa wani abu, dauɗa ta tsaya (filtration). A (3) ruwa yana wurinsa, dauɗa ce ke motsi. Don haka muna ba da shawarar "kwantarwa" a matsayin collage, "maganin kwantarwa" kuma ga abin da ake zubawa.

4. Kammalawa

Zancen ya wuce nahawu. Kwantarwa tana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe su. In littafin yaƙi da jahilci ya ce alam yana "tace" ruwa, ko yana "tsabtace" shi, uwar gida za ta ga ruwa garau ta ba yaro, alhali da sauran aiki: a tafasa shi ko a sa javel. Ya kamata masu rubuta littattafan kiwon lafiya su raba matakan uku, kowane da sunansa: kwantarwa, tacewa, kashe ƙwayoyin cuta.