Tun Daga Zanen Gini Ake Buɗe wa Nakasasshe Ƙofa

Daga Kawo, ta titin Ali Akilu, har zuwa Ahmadu Bello Way da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, nan ne zuciyar hada-hadar Kaduna ta arewacin kogi. Bankuna da shaguna da ofisoshi da asibitoci sun jeru a gefen hanya, kuma da yawansu sai an haye lambatu an taka matakala kafin a kai bakin ƙofa. Mai ƙafa biyu lafiyayyu ba ya ma lura da su. Amma ga mai keken guragu, matakala uku sun isa su raba shi da asusunsa na banki, kuma ga makaho, lambatun da aka bari ba murfi na iya zama sanadin karaya. Rabin wahalar nakasasshe daga jikinsa take, ɗaya rabin kuwa magina da hukumomi ne suka ɗora masa, kuma wannan rabin na biyu ana iya kawar da shi tun gini yana kan takarda.

Maganar ta wuce ta jinƙai, domin doka ta riga ta yi hukunci. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigansu da gangara da lif da sauran abubuwan sauƙaƙawa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna bambanci, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Ta kuma ce jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba zai iya fuskantar tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, aka kafa hukumar kula da harkokin nakasassu. Saboda haka doka tana nan, wa'adi ya wuce, abin da ya rage shi ne aiki da ita.

Wannan sashe na jami'i mai sa hannu shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. A Kaduna, hukumar KASUPDA ce ke duba zanen gini kafin a aza tubali. A teburinta ne gyara ya fi araha, tunda ba abin da za a kashe sai tawada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sharuɗɗan kuma sanannu ne ga duk mai zanen gini. Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne gangara ta miƙe mita 12 kafin ta tashi mita 1, da ƙarfen riƙewa a gefe, domin wadda ta tashi sama da sauri fiye da haka tana iya kifar da keke. Ana son ƙofa ta kai kusan santimita 90 a faɗi, banɗaki ya zama da filin juya keke, a shimfiɗa ƙasa da alamun da sandar makaho za ta ji, a kuma rubuta sanarwa ɓaro-ɓaro saboda kurame. Gangarar da aka liƙa daga baya don kawar da idon hukuma, mai tsayi da santsi, haɗarinta ya fi amfaninta.

Masu gini sukan ce kuɗin ya yi yawa, musamman yanzu da siminti da rodi suka yi tsada. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan an sa waɗannan tanade-tanade tun a zane, abin da suke ƙarawa a kuɗin sabon gini bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Tsadar gaske tana zuwa ne lokacin da za a fasa abin da aka riga aka gina. Tsofaffin benaye kuwa, irin na ma'aikatu, ba a ce dole a rushe su ba. Ana iya sauko da ofishin da jama'a suka fi ziyarta zuwa hawa na ƙasa, a gyara mashiga ɗaya, kafin kuɗin lif ya samu.

Wasu kuma sukan ce ai ba su cika ganin nakasassu suna zuwa ba, don me za a yi musu hidima? Wanda ya san ba zai iya shiga ba, ba zai ɓata kuɗin mota ya zo ba, rashin ganinsa kuwa shaida ce a kan ginin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. A Arewa, duk da an ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a 2020, waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, magidanta ne da ɗalibai da 'yan kasuwa. Kaduna kuma ita ce mazaunin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ta kula da kunne, abin da ke jawo masu larurar gani da ji daga jihohi da dama. Ga tsofaffi, ga masu juna biyu, ga waɗanda haɗarin acaba ya kwantar, duk gangara ɗaya ce za ta ɗauke su.

Hujjar da ta fi shiga rai ita ce mu mutane ne masu taimako, in gurgu ya zo matasa za su ɗaga shi. Taimako abin yabo ne, amma ba a gina haƙƙi a kan sa'ar samun mai tausayi. Matar aure ko budurwa mai keke ba za ta so maza baƙi su ciccibe ta a bainar jama'a ba, kuma malamin makaranta ba zai roƙi a ɗauke shi kowace safiya ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina, har an bar masa riƙon garin. Al'ummar da ta gaji wannan tarihi ya kamata masallatanta da wuraren alwalarta su zama kan gaba, haka ma coci-coci da makarantu.

Sufuri shi ne ya haɗa komai, domin gini mai gangara ba shi da amfani ga wanda ya kasa isowa. Keke Napep da ƙananan bas, waɗanda talaka ya dogara da su, ba a ƙera su don keken guragu ba. Dokar 2019 ta ɗora wa motocin gwamnati da tashoshi nauyin tanadar hanyar hawa da sanarwar da za a ji kuma a gani. Duk bas ɗin da jiha za ta saya, duk tashar da za a gyara a Kawo ko Mando, duk gefen titin da za a shimfiɗa, a sa sharaɗin cikin kwangila, a kuma gayyaci ƙungiyoyin guragu da makafi da kurame su gwada aikin kafin a biya ɗan kwangila.

A 2015 gwamnatin jiha ta hana bara a titunan Kaduna, da hujjar tsaro da kare mutunci. Wanda aka ce ya bar titi ya nemi sana'a, dole ya iya shiga aji da kasuwa da banki da ofis. Gwamnatin da ta nemi nakasasshe ya tsaya da kansa ita ce ta farko da ya wajaba ta gyara ƙofofinta, kuma ta hana jami'anta sa hannu a duk zanen da ya manta da shi.