Allurar Sinawa da Ciwon Ɓarin Kai

Duk wanda ya taɓa yin ciwon ɓarin kai ya san ba ciwon kai na yau da kullum ba ne. Gefe guda na kai ya riƙa bugawa kamar ana sara, ga tashin zuciya, mutum ba ya son haske, ba ya son ƙara, wani lokaci ya kwana uku a ɗaka. Ɗan kasuwa ko direban da ke cin abinci da guminsa a Ikko ko Sabon Ibadan, kwana ukun nan asara ce babba.

Mutanen Sin suna da wata dabara fiye da shekara 2000, watau akufanca. Siraran allurai ake cusawa a wurare na musamman a jiki, babu ruwan magani cikinsu, a bar su kamar minti 20 a zare. Turawa sun waiwaye ta sosai a 1971, da aka yi wa wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, fiɗa a Beijing, aka rage masa zafi da allurar, ya koma ya ba da labari.

To, tana magani? A 2005 likitoci a Jamus suka gwada mutum 302. Wasu aka yi musu allurar sosai, wasu aka tsikare su sama-sama inda ba a ƙa'ida ba, wasu aka ce su jira. Kimanin rabin masu allurar gaske suka sami ragin kwanakin ciwo da rabi. Abin mamaki, masu ta bogi ma haka. Masu jira kuwa 15 cikin 100 kacal. Sai gardama ta kaure, wasu na cewa ai sa rai ne kawai. A 2016 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 22, mutum kusan 5,000, ta ce ta gaske ta ɗara ta bogi, amma da kaɗan. A Ingila an amince tun 2012 a gwada har zama 10 ga wanda magungunan rigakafi ba su karɓa ba.

Maganar kumburi ta fi wuya. In ciwon ya taso, wata jijiya ta fuska da kai tana fitar da sinadarin CGRP, wanda ke buɗe hanyoyin jini na mayafin ƙwaƙwalwa, ya jawo wani irin kumburi. A 2021 masana a jami'ar Harvard suka nuna allura mai ɗan lantarki a ƙafar baya ta rage kumburi. Amma fa ɓeraye aka yi wa, kuma ba ɓarin kai suke yi ba. Saboda haka wanda ya ce maka allura na kashe kumburin kai tabbas, ya zarce inda masana suka tsaya.

Mu da muka saba da ƙahon wanzami, tsikarar fata ba za ta ba mu tsoro ba. Abin tsoro allurar da aka yi wa wani, don tana ɗauke da ciwon hanta da ƙanjamau. Sai sabuwa, a ɓare ta gabanka. Ciwon kan da ya zo farat ɗaya da tsanani kuwa, ko tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko shanyewar hannu, wannan na asibiti ne a ranar.