Zaman Malamai a Sashe da Abin da Ke Isa ga Ɗalibi

A yawancin jami'o'in Najeriya, ana ɗaukar malami aiki ne da digirin fanninsa, ba tare da an koya masa dabarun koyarwa yadda ake yi wa ɗaliban kwalejin ilimi ba. Saboda haka sashen da ya faɗa shi ne makarantarsa ta gaskiya. Can yake ganin ko manyansa suna shiga aji kan lokaci, ko suna mayar wa ɗalibai takardun gwaji da gyara a jiki, ko kuwa sukan jinginar wa ƙaramin malami aji su tafi wata sabgar. Abin da ya tarar shi yake ɗauka, shi kuma zai miƙa wa na bayansa.

Halin sashe yakan fara bayyana ne a rabon kwasa-kwasai a farkon zangon karatu. Inda babu adalci, ajin 'yan shekarar farko, mai ɗaruruwan ɗalibai cunkushe a ɗakin lacca, sabon malami ake jibga wa, manya su keɓe wa kansu ƙananan azuzuwan masu digiri na biyu da na uku. Ta haka waɗanda suka fi buƙatar gogaggen malami su ne ba sa samunsa.

Sai zaman tantance sakamakon jarrabawa, inda malaman sashe ke bin maki kwas bayan kwas kafin a tura wa tsangaya, daga nan zuwa majalisar jami'a. A nan ne kara da kunya ke yin ɓarna. Ƙaramin malami zai ga rabin aji sun faɗi a kwas ɗin wani farfesa, ya san da wata a ƙasa, amma wannan farfesan ne ke duba kundinsa na digirin digirgir, shi ne kuma zai sa baki a ƙarin girmansa. Sai ya ce "Haka ne, ranka ya daɗe," a wuce wurin. Girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, amma idan ta hana tambaya, ɗalibi ne ke biyan kuɗinta da maimaita kwas.

Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya nuna ɗayar fuskar a shekarun 1970 da 1980. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da almajiransa irin su Dokta Yusufu Bala Usman, sun raya al'adar gabatar da maƙala a gaban abokan aiki, a yi mata filla-filla ba sani ba sabo. Ɗaliban da suka zauna a irin waɗannan tarukan sun koyi neman hujja kafin su yarda da magana, domin sun ga ana tsare malamansu da tambaya kuma suna amsawa.

Tsarin ƙarin girma ma yana da nasa laifin. Yawan maƙalun da malami ya wallafa ya fi nauyi a ma'auni fiye da ingancin darasinsa, don haka mai ɓata dare wajen shirya lacca yakan ga an wuce shi. Ɓangaranci kuwa, musamman lokacin neman shugabancin sashe ko tsangaya, yakan faɗa kan ɗalibin da malamansa biyu ba sa ga maciji: kundinsa ya kwana shekara a kan tebur.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, takan turo tawaga ta ƙirga malamai da littattafai da kayan ɗakin gwaji kafin ta amince da kwas. Yadda malamai ke zama da juna ba ya ƙirguwa haka, gyaransa kuma yana hannun shugaban sashe da manyan farfesoshinsa.