Masu zagaya Ostireliya da kwale-kwale: me ya sa suke ƙaruwa?

A ƙarshen 1981 Paul Caffyn, matuƙin kwale-kwale daga New Zealand, ya tura ɗan jirginsa cikin ruwa kusa da Melbourne da niyyar zagaya Ostireliya da ƙarfin damtse. Ya dawo inda ya tashi bayan kwana 360, ya ci kilomita kusan 15,000. Sai da aka shekara 27 kafin a sake samun wanda ya yi haka: Freya Hoffmeister, Bajamushiya, ta gama nata zagayen a 2009 cikin kwana 332. Daga nan ƙofa ta buɗe. Stuart Trueman ya kammala a 2011, Jason Beachcroft ya biyo baya har da tsibirin Tasmania, sannan Bonnie Hancock ta gama cikin kwana 254 a 2022, jirgin rakiya na biye da ita.

Gaɓar dai tana nan yadda take. A arewa akwai kadojin ruwan gishiri da ke bin ƙaramin jirgi. A yamma akwai duwatsun Zuytdorp, katangar dutse mai tsawon fiye da kilomita 150 wadda babu inda za a raɓa a sauka. Caffyn ya wuce ta ne da tuƙin sama da sa'o'i 30 a jere, dare da rana.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. A zamanin Caffyn taswira ce da kamfas da rediyo. Yanzu akwai GPS, wanda Amurka ta daina rage wa farar hula ingancinsa a shekarar 2000, ga wayar tauraron ɗan'adam da ake aiko da hasashen iska ta cikinta, ga na'urar neman agaji da ke bayyana inda mutum yake. Jiragen ma sun ƙara sauƙin nauyi. Da irin wannan tanadi Hoffmeister ta yanke mashigin Carpentaria kai tsaye, kilomita 575, tana kwana a cikin jirgin kusan mako guda, an ɗaura masa abin tokara a gefe don kada ya kife.

Dalili na biyu kuɗi ne. Tafiyar shekara guda tana cin dukiya, kuma kamfanonin kayan ruwa sun fi sakin hannu ga wanda dubban mutane ke bibiyar tafiyarsa kullum a intanet.

An ci riba. Mata sun shiga fagen da ƙarfi, har Hoffmeister ta zagaya Kudancin Amurka daga 2011 zuwa 2015. Hancock ta tara kuɗi domin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Bayanan da matafiyan suka rubuta kan igiyar ruwa da wuraren sauka sun zama jagora ga na baya.

Sai dai neman mai ɗaukar nauyi yana tura kowa ya zarce na gabansa a sauri ko a nisa, kuma na'ura tana sa mutum ya ga kamar taimako na kusa. Abin da ya sami Andrew McAuley ya nuna iyakarta. A Janairun 2007 ya tashi daga Tasmania shi kaɗai zai tsallaka zuwa New Zealand. Bayan wata guda, saura kilomita hamsin da ɗoriya ya kai gaɓa, masu gadin teku suka ji kiransa a rediyo, muryar tana yankewa. Washegari aka tsinci jirgin a kife, na'urar neman agajin tana ciki, shi kuwa ba a ga gawarsa ba.

Neman wanda ya ɓace a teku kamar haka yana fitar da jiragen sama da ma'aikatan ceto, kuma yawanci daga baitulmali ake biya. Shi ya sa ake ta muhawara a Ostireliya da New Zealand kan tilasta wa matafiyan yin inshora, da ɗaura na'urar agaji a jikin rigar ruwa maimakon ajiye ta cikin jirgi.