Kada A Manta Da Wanda Aka Sauke Daga Baya

Ran da aka yi sunan ɗanmu na biyu a Gusau, gida ya cika maƙil. Dangi sun zo daga Tsafe, abokan aiki sun zo daga Bungudu, matan zumunta suna ta kai da kawowa da kwanukan shinkafa da waina. Kowa ya shigo sai ya nufi ɗaki ya ɗauki jariri ya ce, "Barka da arziki, Allah ya raya." Sai da rana ta yi sanyi muka tuna ba mu ga yayarsa ba. Muka same ta a bayan randa, zaune a ƙasa, da busasshiyar waina a hannu, ta yi kuka har ta gaji. Shekararta ɗaya da wata takwas a lokacin. Tun safe ba wanda ya zaunar da ita ya ba ta abinci, gama kowa yana tsammani wani ya ba ta.

Mun ba da labarin nan ne domin mun san ba gidanmu kaɗai ba ne. Sa'ad da sabon jariri ya zo, idon kowa yana kansa. Shi kuwa jariri yana da nono, yana da bayan uwa, yana da zani mai ɗumi. Wanda yake cikin hatsari sosai shi ne ɗan yayen da aka sauke daga baya aka ce masa, "Kai yanzu babba ne."

Wannan magana tana da tarihi. Wata likita mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta yi aiki a asibitin yara a Accra, a ƙasar da ake kira Ghana yau. Ta riƙa ganin yara ƙanana da kumburin ƙafa, da gashi ja-ja, da fata mai saɓulewa. A shekarar 1933 ta rubuta bayanin ciwon, a 1935 kuma ta ba shi sunan da mutanen Ga na wurin suke kiransa, watau kwashiyoko. Ma'anar kalmar ita ce ciwon da yake kama babba sa'ad da aka yi masa ƙane. Yaran nan an cire su daga nono an bar su da kunun masara tsura. Mu a nan tamowa muke cewa, kununmu kuwa na gero ne ko na dawa, amma hanyar ɗaya ce.

Yaya abin yake somawa? Sau da yawa da kwanika ne, watau mace ta yi ciki tana goyo. Haka ya faru a gidanmu, yarinyar tana da wata goma sha ɗaya. Da kakarta ta ji, ta aiko daga ƙauye ta ce a cire ta nan da nan, nonon mai ciki guba ne. Tsoffinmu ba mugunta suke nufi ba, abin da suka gada ke nan. Amma ma'aikatan lafiya sun nuna cewa nonon mai ciki ba ya lalacewa. Yakan ragu, ɗanɗanonsa kuma yakan sāke, amma idan cikin lafiyayye ne uwa tana iya ci gaba da shayarwa, muddin ita kanta tana cin abinci sosai. Abin da yake karya yaro shi ne yaye na dare ɗaya: a shafa wa nono abu mai ɗaci, gari ya waye a ɗauke yaro a kai shi wani gari. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani, duka a rana guda. Sai ya ƙi cin abinci, zawo ya biyo baya, a ce ai haƙori ne.

Dā can kai yaro wurin kaka yana da nasa amfani, gama a ƙauye akwai nonon shanu da gyaɗa da hannuwa da yawa. Yau ba haka abin yake ko'ina ba. Tun wajen shekarar 2011 ɓarayin daji suka addabi Zamfara, ƙauyuka da yawa na ƙasar Tsafe da ta Bungudu sun sha hari, shanu sun tafi, gonaki masu nisa sun gagari noma. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Uwar da ɗanta yake ƙauye a lokacin ba ta da hanyar jin ko ya ci ko bai ci ba. Kakanni da yawa ma su ne suka taso suka dawo Gusau, suna zaune ɗaki ɗaya da jikoki. Saboda haka mu muka roƙi tsohuwa da ladabi muka ce, "Inna, ki zo ki zauna da mu, a yaye ta a gabanki a hankali." Ta yi ɗan gunaguni, amma ta zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara a ba jariri nono zalla wata 6, ko ruwa ban da, sa'an nan a ci gaba da nono tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Tana kuma ba da shawara mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sāke ɗaukar ciki. Kakanninmu da suke goyo shekara biyu ba su yi nisa da wannan ba. Maganar hutun nan kuwa ta miji da mata ce, su zauna su yi ta tare, su nemi shawara a asibiti. Amma idan ciki ya riga ya zo, ba lokacin zargi ba ne, lokacin duba tukunya ne.

Cikin ɗan yaye ƙarami ne, bai fi ɗan kofi ba. Idan aka cika shi da kunu mai ruwa-ruwa ya ƙoshi, amma bai sami kome ba. A dama kunun da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. A sa masa garin gyaɗa ko na waken suya da aka soya, da ɗan man ja ko man gyaɗa. Ƙasar Gusau ƙasar gyaɗa ce tun zamanin da jirgin ƙasa yake kwasarta, abin kunya ne yaro ya rame a nan ƙuli-ƙuli yana tire a bakin titi. Ƙwai ɗaya, dakakken busasshen kifi, ganyen zogale a miya, wake da aka dafa ya yi laushi, duk suna gina jiki. Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar cin abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa shi kaɗai. Mu malamai mun sani, idan aka haɗa ƙarami da manya a kwano ɗaya, kafin ya busa lomar farko sun kai ƙasa.

Ku riƙa duba ƙafafunsa. A danna bayan ƙafa da babban yatsa a ƙirga uku. Idan ramin ya tsaya a ƙafafu biyu, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba ce, a kai shi asibiti ran nan. A can suna da wani ɗan ma'auni mai launi da ake zagaya wa dantsen yaro. Idan ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani, akwai kuma abincin gyaɗa na musamman da ake bayarwa domin ta. Na mara lafiyan ne, kada a raba wa yayye.

Akwai katin allura kuma. Jariri yana samun nasa tun ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, kowa yana tunawa. Amma allurar ƙyanda ta biyu tana zuwa ne a wata 15, daidai lokacin da mai kwanika take fama da nauyin ciki. Mu sai da muka buɗe katin jariri muka ga na yayarsa da gurbi a ciki. Da damina kuma, in masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun ƙwanƙwasa ƙofa, a fito da ita, gama ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Gidan sauro ma, kada a ce na maijego da jariri ne kaɗai.

Wankan jego fa? Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa tsananin zafi da yawan kunun kanwa suna da hannu cikin ciwon zuciya da kumburi na masu jego. A sassauta. Ga kuma wani hatsari da ba a cika faɗa ba: babbar tukunyar ruwan tana tafasa a tsakar gida safe da yamma har kwana 40, ga ɗan yaye yana dabo, ba mai riƙe da shi. A kange murhu, a rufe rijiya, a ɗaga kwalbar kananzir sama.

Kishi kuwa sai da muka sha shi. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance ta koma yi. Ta ce ita ma a goya ta. Wata rana muka kama ta tana tura wa jariri ƙuli-ƙuli a baki, wai yana jin yunwa. Duka ba ya maganin wannan, ƙara shi yake yi. Abin da ya taimake mu shi ne ba ta aiki: ita ce mai miƙo zani, ita ce mai kawo kwalbar mai. Uwar kuma in tana shayarwa takan zaunar da ita a gefe ta yi mata tatsuniyar Gizo.

Saura mu maza. Wata rana uwargida ta ce, "Malam, hannuna biyu ne, yara kuma biyu ne, tukunya fa wa zai riƙe?" Ba mu sami amsa ba. Tun daga ran nan, in an tashi daga makaranta, abincin yamma na yarinyar ya zama aikin ubanta. Maƙwabta sun yi ta dariya ganin malami zaune a kan tabarma da cokali yana lallashi, wani ma ya ce ko za a saya mana zanin goyo. Bayan wata biyu da muka kai ta awo, ma'aikaciyar ta zagaya ma'aunin a dantsenta, ya tsaya a kan kore. Ta cike gurbin da ya rage a katin, ta ce mu dawo da jaririn mako mai zuwa.