Kujera mai tangal-tangal a injin tuƙin kwale-kwale: me take ƙara maka?

Idan kana leƙa bidiyoyin motsa jiki a TikTok ko YouTube, ba mamaki ka taɓa ganin mutum zaune a kan wani dogon ƙarfe, ƙafafunsa a ɗaure, yana jan sarƙa yana komawa baya. Wannan shi ne injin tuƙin kwale-kwale. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Concept2, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Dick da Peter Dreissigacker, suka kafa a shekarar 1976, yake kuma jihar Vermont ta Amurka. Injinsu na farko ya fito a 1981.

Injin yana gina ƙafa da baya, yana kuma ƙara ƙarfin numfashi, amma akwai abin da ba ya koyarwa. Kwale-kwalen gasa na mutum ɗaya ya kai tsawon mita 8, faɗinsa bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa kuma kilo 14 ne kacal. Ka ɗan karkata ƙugu kaɗan, sai ka ji ka a ruwa. Shi kuwa injin, daram yake a ƙasa. Kana iya danna ƙafar dama fiye da ta hagu shekara guda cur, bai taɓa nuna maka ba.

Wannan giɓin ne kayan koyon daidaito suke ƙoƙarin cikewa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba, a nan ne masu saye suke ruɗewa.

Akwai abin da Concept2 suke kira Slides. Wasu layuka ne masu ƙananan tayoyi da ake ɗora injin a kansu, da igiyar roba mai dawo da shi tsakiya. Maimakon kai ka riƙa kai da komo, injin ne yake tafiya a ƙarƙashinka, kamar yadda kwale-kwale yake yi. Har ana haɗa injuna da yawa don 'yan ƙungiya su koyi ja tare. Sai dai motsin gaba da baya ne kawai, ba ya karkata gefe.

Karkatar gefe aikin kujera ce. Injin RowPerfect, wanda yanzu aka fi sani da RP3, ƙirƙirar wani ɗan ƙasar Holan ne mai suna Cas Rekers, kuma kujerarsa tana ɗan rinjaya dama ko hagu. Da zarar ka zauna a kan ɗuwawu ɗaya, nan take za ka ji. Biorower na ƙasar Ostiriya ya wuce nan, domin hannayen filafili biyu gare shi, jikinsa ma yana rangaji, ga manhaja da ke nuna ƙarfin kowane hannu daban. Kuɗinsa dai ba na yaku-bayi ba ne. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi kujerar da ake ɗorawa a kan ta asali, ko siririn matashi mai iska.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne, da kujera ta fara motsi, ƙananan tsokokin ciki da na ƙugu da na gefen ƙashin baya sai su shiga aiki ba tsayawa don su riƙe ka a tsakiya. Shi ya sa za ka ga lambobinka sun sauka: lokacin da kake cinye mita 500 zai iya ƙaruwa, saboda wani kaso na ƙarfinka ya tafi wajen riƙe jiki. Kada wannan ya dame ka. Ranar gwajin mita 2,000, cire kayan ka koma kujerar asali.

Ni a ganina, wanda bai ƙware da tsarin jan ba, wato ƙafa tukuna, sai baya, sannan hannu, bai kamata ya taɓa waɗannan kaya ba. Ɗora tangal-tangal a kan lanƙwasasshen baya neman ciwon ƙugu ne da kuɗinka. Matashi mai kauri ma yana da tasa matsalar, yana ɗaga ka sama har kusurwar ƙafarka ta canza, kuma yana iya zamewa kana tsakiyar ja. Mai tsohon ciwon baya ya fara ganin likita.

In ka shirya, fara da minti 10, ja 18 zuwa 20 a minti ɗaya, madannin iskar da ke gefen fankar kuma a ajiye shi tsakanin 3 da 5.

Kafin ma ka kashe ko sisi, wayarka za ta yi maka rabin aikin. Jingine ta a bayanka, daidai tsakiyar layin injin, ka ɗauki bidiyon minti biyu, sannan ka kalle shi a hankalce da rage gudu. Duba ko kafaɗa ɗaya ta fi sauka, ko gwiwa ɗaya tana buɗewa waje. Idan injin yana da allon PM5, haɗa shi da manhajar ErgData ta Bluetooth, kyauta ce a Android da iPhone, za ta adana maka kowane zama don ka kwatanta ranar da ka hau kujera mai motsi da ranar da ba ka hau ba. In bidiyon ya nuna kana zaune sambal kuma ba ka da niyyar shiga ruwa, kujerar asali ta ishe ka.